Na samu tsohon Burgman 400 na hannu: in saya ko in haƙura?

Abban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar manyan babura. A Hotoro nake zaune, aikina kuma a Wudil, kullum sai na je na dawo in ban da Asabar da Lahadi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 motata ba ta fita sai asibiti ko biki, motar haya nake bi, jiran ta cika kuwa shi ke cinye mini safiya. To wani dillali ya nuna mini Suzuki Burgman 400, irin manya-manyan roba-roban nan. Ya ce ƙirar 2005 ne, daga Turai aka sauko da shi, wani ya ɗan hau a nan ya ajiye. Na zauna a kai, wallahi kamar kujerar falo. Tashi ɗaya ya yi, ban ga hayaƙi ba. Kuɗin da ake nema ya ɗara na sabuwar Boxer. Babur mai shekara ashirin zai iya wannan zirga-zirgar? Me ya kamata in duba kafin in miƙa kuɗi?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam, sayi Boxer ka huta. Ranar da ta tsaya maka a Garin Dau ko a Gano, yaro ɗan shekara goma sha biyar zai gyara ta a gindin bishiya, kayanta kuma ko a mai shayi ka tambaya za a nuna maka shago. Wannan da kake magana in ya tsaya a hanya sai dai ka nemi a-kori-kura. Ba ya da kik, ba a tura shi ya tashi. Ka tambayi dillalin me ya sa wanda ya ɗan hau ɗin ya ajiye.

Maman Hanif:
Tambayar ƙarshe ta Ɗan Fagge ita ce tambaya. Abin da yake lafiya lau ba a cika ajiye shi ba a wannan marrar.

Usta Ƙofar Ruwa:
Ni gyaran irin waɗannan nake yi, to bari in faɗi abin da hannuna ya taɓa. Ɗan Fagge ya yi gaskiya a kan kik da turi. Kulocinsa ba irin na Boxer ba ne, sai injin ya juya da ƙarfi sannan yake kamawa, saboda haka ko mutum goma suka tura shi tayar baya ba za ta juya injin ba. Batir ya mutu, tafiya ta ƙare sai an yi masa jam. Amma injin ɗin kansa ba rago ba ne. Silinda ɗaya ce, sisi 385, mai lagireto, kuma in bai sha wuya ba yana daɗewa ƙwarai. Abin da ke kashe su a garin nan ba tsufa ba ne, hannun da ke taɓa su ne da ƙura.

Abban Sadiya, farko ka tabbatar da shekarar. Daga 2003 zuwa 2006 injekta ne, tayoyinsa gaba da baya inci 13. Daga 2007 aka sake masa jiki, tayar gaba ta koma inci 14. Waɗanda suka riga 2003 kuwa kafireto ne. Ka duƙa ka karanta rubutun jikin tayar gaba. In na 2005 ne da gaske za ka ga 110/90-13.

Sai kuma maganar tashi ɗaya. Da ka je, injin ɗin da sanyi ka same shi ko da ɗumi?

Abban Sadiya:
Usta, a waje na same shi an wanke shi tas, an kafe shi a rana. Ban taɓa injin ba.

Usta Ƙofar Ruwa:
To ka koma da sassafe ba tare da ka yi waya ba. Ka sa bayan hannunka a jikin salansa kafin kowa ya taɓa makulli. Injin da aka ɗumama yana ɓoye abubuwa da yawa: raunin batir, ƙarar sarƙar cikin injin, hayaƙin farko. In ka murɗa makulli kada ka yi saurin danna sitata. Ka kasa kunne, za ka ji famfon mai ya yi ɗan kuka a cikin tanki na 'yan daƙiƙu ya yi shiru. Ka kalli allon gaba, fitilar FI, wadda ke nuna matsalar injekta, dole ta kama sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, to akwai yiwuwar an cire mata ƙwai ko an yanke waya don kada ta tona asiri. In ta kama ta ƙi mutuwa bayan injin ya tashi, akwai abin da kwamfutarsa ke ƙorafi a kai.

Bayan nan ka bar shi yana aiki a tsaye har fankar lagireto ta kama da kanta, ta kuma tsaya da kanta. Kada ka yarda da "ai fankar lafiya lau", ka tsaya ka ji da kunnenka. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka duba. In ka ga man ya yi fari-fari ya haɗe da ruwa, ka yi musu sallama kawai, gaskit ɗin kai ya tafi ko famfon ruwa yana zuba ciki. Ka ɗora shi a kan jek ɗin tsakiya, wani ya danne baya, kai kuma ka juya kan hagu da dama a hankali. In ka ji yana ɗan maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci. Wannan gyara ne mai sauƙi, amma abin rage kuɗi ne.

Robobin jiki kuma ka bi su da hannu. Duk inda ka ga an ɗaure da waya ko an ɗinke da igiyar roba, ya sha ƙasa. Injin ana samun kayansa ko da wahala, amma robar gaba ko fitila in ta fashe, sai ka yi watanni kana cigiya.

Injiniyan Samaru:
Bari in ɗora lissafi a kan bayanin Usta, don shi ne zai raba gardama da Ɗan Fagge. Daga Hotoro zuwa Wudil a ƙaddara kilomita 40, zuwa da dawowa 80. A wata wajen 1,600 ke nan, a shekara ya ɗan haura 19,000. Burgman 400 mai lafiya, in ba a matsa masa ba, yana yin kilomita 23 zuwa 26 a lita. Lita uku da ɗoriya a rana. Boxer ba za ta sha biyu ba. Mota kuwa bakwai zuwa takwas. Tankinsa lita 13 ne, ke nan duk kwana uku sai ka shiga gidan mai.

Amma mai ba shi ne duka ba. Littafin kamfani ya ce a sauya bel, wanda ke juya tayar baya a madadin kaca, a kilomita 24,000, baƙin mai a 6,000. Wannan lissafin ƙasashen da ba su san hunturu ba ne. A nan ni bel ba na bari ya wuce shekara a irin tafiyarka, juye kuma duk 3,000, wato kusan duk wata biyu gare ka. Tayar baya ƙarama ce, nauyin injin duk a kanta yake, za ka iya cinye biyu a shekara. Ka tara kuɗin bel ɗaya, rolar da ke sauya masa giya, taya uku, juye shida da birki, ka raba gida goma sha biyu, ka ɗora a kan kuɗin mai. In har yanzu ya fi maka motar haya ko bai wuce ta da yawa ba, to lokacinka da jin daɗin bayanka su ne ribar.

Ɗan Fagge:
Yauwa Injiniya, ka faɗa da bakinka. Taya uku, bel, rola. Ni kaca da siraket nake sauyawa, kuɗinsu bai kai rabin bel ɗin nan ba.

Injiniyan Samaru:
Haka ne, ban musa ba. Amma ka hau Boxer kilomita 80 kullum a titin Maiduguri, tirela na wuce ka iskarta na jifa da kai gefen kwalta, sannan mu yi magana. Boxer tana kaiwa 80 ta fara rawa, ba ta da sauran ƙarfin da za ka wuce babbar mota ka koma hannunka da wuri. Wancan a 100 hankalinsa kwance yake, da gilashi a gabanka yana tare maka iska da tsakuwa, ƙafafunka a bayan roba. Aikinsu ba ɗaya ba ne. In cikin gari ne, Kurmi zuwa Rimi zuwa Kwari, ni ma Boxer zan ce. Shi doguwar kwalta zai bi.

Maman Hanif:
Ni ba makanikiya ba ce, amma maigidana yana da irinsa, Majesty 400 na Yamaha, kuma ina hawa baya. Daɗi kam akwai, ƙarƙashin kujera yana cin cefanen gida har da hular kwano. Abin da nake so Abban Sadiya ya sani shi ne nauyi. Abin nan ya kai kilo ɗari biyu. A kan titi ba ka jin nauyin, amma ranar da za ka juya shi a soro, ko ka ja shi baya a lungu mai yashi, ranar za ka san ka saya. Gidanku akwai dakali a ƙofa? Cikinsa a ƙasa yake sosai, namu sai da aka yi masa gangare da siminti kafin ya daina gogawa.

Na biyu, don Allah hular kwano ta gaske, mai rufe haɓa. Ba irin ta leburorin gini ba. Mutum ya saba da gudun ƙaramin babur, ya hau wannan, ba ƙara ba girgiza, sai ya duba allo ya ga 120 bai sani ba. Ga ranar Juma'a kasuwar Wudil tana ci, motocin shanu cike da hanya. Sadiya na jiranka a gida.

Abban Sadiya:
Na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ƙofarmu akwai ɗan tudu, zan auna. Hular kuwa na riga na sa ta a lissafi.

Bamaradi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni daga Maraɗi, TMAX 500 na Yamaha gare ni, na 2006. Ina zuwa Damagaram da shi in dawo, hanyar ta fi kilomita 230, ban taɓa jin ya gaji ba. Abu biyu zan ƙara.

Na farko makulli. Baburan Turai da yawa na waɗannan shekaru suna da ƙwaƙwalwa a cikin makulli. Na Yamaha akwai jan makulli, shi ne uwa, da shi ake yi wa sababbi rajista. In mai saidawa ya ba ka baƙi guda ɗaya tak, ranar da ya ɓace ba maƙerin makulli ne zai fisshe ka ba, sai an sauya kwamfuta da mazaunin makulli gaba ɗaya. Suzuki da Honda su ma suna da nasu tsarin. Ka tambaya makulli nawa ne, ka gwada kowane ya tada injin, ba buɗe kujera kawai ba.

Na biyu takardu. Mu nan in ba takardar duwan (kwastan) da kart giriz (takardar rajista), moto ado ne a tsakar gida. Ku ma na san kwastan ɗinku ba sa wasa. Lambar da ke jikin shasi ka karanta ta da idonka harafi-harafi ka gwada da ta takarda.

Abban Sadiya:
Makulli ɗaya na gani a hannunsa. Zan tambaya. Malam Bamaradi, da TMAX da Burgman wanne ka ga ya fi?

Bamaradi:
TMAX silinda biyu ne, sisi 499, ya fi gudu, ya fi riƙe kwana, don injinsa a jikin shasi yake ɗaure ba a kan tayar baya ba. Amma ya fi shan mai, kayansa sun fi tsada, wurin kaya kuma kaɗan ne. Kulocinsa a cikin mai yake, dole a zuba masa man babur mai alamar JASO MA, in ka zuba na mota sai ya dinga sulɓi. Ga mai zuwa aiki kullum, 400 ɗin ya fi sauƙin riƙo. Ni sha'awa ce ta kai ni.

Sarkin Gudu:
Ku bar wahalar da bawan Allah. In za ka sayi babba, sayi babba. Burgman 650 na nan ana samu, wani lokacin ma kuɗinsa bai fi na 400 da yawa ba. Silinda biyu, ga maɓallin sauya giya da hannu, ga madubi mai naɗewa da kansa. Shi ne babur.

Usta Ƙofar Ruwa:
Sarkin Gudu, ka san dalilin da ya sa tsohon 650 yake araha? Giyarsa ba irin ta sauran ba ce. Ta 400 rola ce da sifirin, abu ne da kake gani da ido, ka kwance murfi cikin awa ɗaya ka gama. Ta 650 kwamfuta ce ke tuƙa ta da wani ƙaramin injin lantarki, bel ɗinsa ma ba na roba zalla ba ne, kuma kafin ka kai gare shi sai ka sauke injin daga shasi. Akwai wani ƙaramin ƙusa da ke riƙe fulin gaba, in ya ci ba a lura ba, ɓarnar da yake jawowa ta kai kuɗin wani babur. In yana lafiya babu kamarsa a hanya, wannan gaskiya ne. Amma ga mutumin da bai taɓa riƙe irinsu ba, a garin da masu buɗe wannan giyar ba su da yawa, ba zan ba shi shawara ba. Nauyinsa ma ya haura kilo 270.

Sarkin Gudu:
Nawa dai bai taɓa ba ni matsala ba.

Usta Ƙofar Ruwa:
Allah ya sa ya ɗore. Ka sa a duba maka ƙusan nan duk da haka, daga waje ake kwance shi, ba aiki ba ne.

Baba Mai Besfa:
Yara, ina karanta ku tun ɗazu. Ni Besfa na hau tun zamanin Shagari, ita ma ƙananan ƙafafu gare ta, don haka abu ɗaya zan gaya wa Abban Sadiya. Ƙaramar taya ba ta yafe rami. Ramin da babbar taya za ta haye, ƙarama faɗa masa take yi. Kuma yashin da iska ke tarawa a bakin kwalta, in ka shiga da gudu ka taɓa birkin gaba, sai dai a ɗaga ka. Ka koyi hanyarka da rana tukuna, ka san kowane rami da kowane tudun rage gudu, kafin ka yarda magariba ta yi maka a hanya. Kada ka bi bayan mota kurkusa, ita tana raba ƙafa ta wuce rami, kai kuma a tsakiya kake. Allah ya tsare.

Abban Sadiya:
Amin Baba, na gode. In sha Allahu zan kiyaye.

Ɗan Fagge:
Ga damina kuma ba wanda ya ambata. Ruwa ya kwanta a titi, Boxer ta ratsa.

Usta Ƙofar Ruwa:
Wannan ma gaskiyarka. Akwatin bel yana da ƙofar shan iska don ya huce, kuma a ƙasa take. Ruwa ya shiga, bel ya jiƙe, sai ka ji injin na ihu babur ba ya tafiya. In ya kai ga matatar iskar injin kuwa, abin ya fi haka muni. Ruwan da ya kai tsakiyar taya ba a shigarsa, a tsaya a jira ko a sake hanya.

Tunda an zo kan akwatin bel, bari in daɗe a nan, don nan ne rayuwar babur ɗin take. In ka kwance murfin hagu za ka ga fuli biyu da bel a tsakani. Na gaba yana da rola a ciki, injin na ƙara juyawa suna fita waje suna matse fulin, bel ya hau sama, giya ta sauya ke nan ba tare da ka taɓa komai ba. Na baya yana ɗauke da kuloci da ƙwaryarsa. To ƙurar hunturu da garin da kulocin ke saki suna taruwa a nan. Shi ya sa za ka ji yana karkarwa in za ka tashi daga tsaye. Mutane sai su ce kuloci ya mutu, alhali sau da yawa wanki yake so: a busa da iska, a goge takalman kulocin da ƙwaryar da sanfefa mai laushi, a wanke soson da ke ƙofar iskar. Rola kuwa in ta yi gefe-gefe ta daina zama da'ira, sauyawa ake yi duka, ba ɗaya-ɗaya ba. Kuma ba a shafa wa bel giris ko mai, ko kaɗan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne notin fulin gaba. Yana da maƙami na musamman da ke riƙe fulin, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Wanda ba shi da su sai ya sa kurfi da guduma. An kawo mini wani da aka yi wa haka, haƙoran kan karanshaf duk sun cinye, fulin yana lilo. Aikin awa ɗaya ya koma sauke injin. Don haka Abban Sadiya, kafin ka nemi babur ka nemi mai gyara. Ko ba ni ba, duk wanda za ka kai wa ka ce ya nuna maka maƙamin riƙe fuli. In ya ce ba ya buƙata, ka tura abinka gaba.

Injiniyan Samaru:
A ƙara da bel ɗin kansa. Na jabu sun cika kasuwa, kwali mai kyau, rubutu mai kyau. Na asali ko na kamfanonin da aka sani irin Bando, Mitsuboshi, Gates ko Dayco, a nema da lambar kayan, ba da "irin na Burgman" ba, don na 2005 da na 2007 ba ɗaya ba ne. Bel in ya tsinke kana kan 100, ba mutuwar tafiya kawai ba ce, zarensa na iya naɗewa a fuli. Ni ta hannun masu kayan Legas nake samu, wani lokacin in yi oda daga waje in jira makonni. Shi ya sa kullum akwai sabo ɗaya ajiye a gida.

Sarkin Gudu:
Maganar zafi fa? Ni dai na sa an cire tamostat an haɗa fanka kai-tsaye, kamar yadda ake yi wa motoci. Zafin Kano ba na Turai ba ne.

Injiniyan Samaru:
Wannan al'adar ita ce ba na so. Injin mai injekta yana da na'urar da ke gaya wa kwamfuta zafin ruwa. Ka cire tamostat, da safe a hunturu injin ba zai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu sanyi ne, ta ci gaba da ƙara mai. Ka sha mai a banza, fulogi ya yi baƙi, fetur ya dinga wanke jikin silinda. Fanka kai-tsaye kuma tana cin batir a babur ɗin da ba shi da kik. Japan ma ana zafi da bazara, an san da zafi aka ƙera shi.

Sarkin Gudu:
Ana zafi, amma ba a yin digiri 42 a cunkoson Ɗan Agundi.

Usta Ƙofar Ruwa:
In yana zafi a cunkoso akwai dalili, a nemo dalilin. Galibi lagireton ne ya toshe. Yana bayan tayar gaba, duk taɓon da ta watsa a kansa yake sauka, sai a wanke shi a hankali kada a lanƙwasa haƙarƙarinsa. Ko an daɗe ana zuba masa ruwan rijiya ko fiya-wata, cikinsa ya yi tsatsa da kanwa. Ruwan lagireto na gwangwani ake zubawa, a sauya shi duk shekara biyu. Ko kuma murfin lagireton ya saki. Ka gyara waɗannan ukun, tamostat ɗinsa na ciki, ba zai tafasa ba ko a watan Afrilu. Ni ina tare da Injiniya a nan.

Wani abu kuma ga masu doguwar hanya. Baƙin man da yake ɗauka kaɗan ne, wajen lita biyu, kuma waɗannan na 2003 zuwa 2006 in ana yawan matsa musu gudu sukan rage mai. Duk mako ka duba a kan jek ɗin tsakiya. 10W-40 mai kyau, daga wurin da ka yarda da shi. Fetur kuma a gidan mai, ban da na galan a bakin titi, kuma kada ka saba barin tanki ya kusa ƙafewa, don man ne ke sanyaya famfon.

Maman Hanif:
Ku yi masa maganar rubutu ma. Maigidana da zai saya sai da aka rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, da hoton katin shaidar mai shi na asali, ba dillali kaɗai ba. Aka kuma rubuta cewa in aibin da aka ɓoye ya bayyana a cikin kwanakin da aka yanka, ciniki ya warware.

Bamaradi:
Hajiya ta faɗi daidai. Mai abu na gaskiya ba ya gudun shaidu.

Abban Sadiya:
Jama'a na dawo da labari. Na je bayan sallar asuba kamar yadda Usta ya ce, salansa sanyi ƙalau. Famfo ya yi kukansa, fitilar FI ta kama ta mutu, ya tashi a danna ta biyu. Hayaƙi ɗan fari na farko ne kawai ya ɗauke. Fanka ta kama ta tsaya da kanta. Baƙin mai baƙi ne, ba ruwa. Tayar gaba 110/90-13 ce. Makulli biyu ne, ɗayan yana wajen mai shi, an kawo, duka sun tada shi. Na ga mai shi ɗin, dattijo ne, ya ce nauyin ne ya fi ƙarfinsa tun da ya yi ciwon gwiwa. Takardar kwastan akwai, lambar shasi ta yi daidai.

Abin da ban ji daɗinsa ba: kan yana maƙalewa a tsakiya, yana karkarwa wajen tashi, tayoyin kuma duk da zanensu bai cinye ba, gefensu ya yi tsaga-tsaga. Na nemi a buɗe murfin bel, da farko dillalin ya ƙi, mai shi ya ce a buɗe. Bel ɗin duk ƙananan tsagu a tsakanin haƙoransa, ƙura kuwa har da hannu ake kwasa.

Injiniyan Samaru:
Duba gefen tayar, akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye bayan rubutun DOT. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Me ka gani?

Abban Sadiya:
Ta gaba 2314, ta baya 4116.

Injiniyan Samaru:
Ta gaba 2014 ke nan, ta baya 2016. Sun mutu a tsaye, ko da zane. Duka biyun a cire, kuma sababbi za ka nema, ba na gwanjo ba. Ka tabbatar akwai lambarsu a kasuwa kafin ka biya kuɗin babur.

Ɗan Fagge:
To an fara ke nan: taya biyu, bel, rola, boris, tun ba a hau ba. Ni dai ra'ayina bai sauya ba, amma tunda na ga zuciyarka ta tafi, a rage kuɗin waɗannan duka daga farashin. Kuma ka riƙe lambar mai a-kori-kura ɗaya a wayarka. Allah ya sa albarka.

Abban Sadiya:
Amin, na gode Ɗan Fagge, kuma maganarka ce ta sa na tsaya na ga mai shi. An rage mini kusan kuɗin tayoyi da bel. Na ba da kafin alƙalami, sauran sai ranar da za a rubuta takarda gaban shaidu. Injiniya, don Allah turo mini lambar bel da ta rola ta akwatin saƙo in yi oda yau. Tayar baya na samu a Sabon Gari, ta gaba aka ce sai an aiko daga Legas.

Usta Ƙofar Ruwa:
Madalla. In an gama takardu kada ka hau shi zuwa Wudil a kan wannan bel ɗin da waɗannan tayoyin, ko sau ɗaya. A ɗora shi a mota a kawo, ko ka lallaɓo da shi a hankali ta cikin gari. Za mu juye baƙin mai da na giyar baya, mu sauya ruwan lagireto da man birki, mu auna bawul, mu leƙa cikin tanki ko akwai tsatsa tunda ya daɗe a ajiye, mu gwada cajin batir. Ka taho da makullan duka biyu, kuma ka sayo matatar iska tare da bel ɗin, ta zo a oda ɗaya.